Tattalin Ruwa Daga Gida Yake Farawa

Duk mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa a Kano ya san darajar kowace jarka, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa.

Alwala da buta ta fi tsimin ruwa a kan barin famfo yana ta zuba. Ruwan wankin shinkafa ko kayan miya, a ba shuka. Famfon da ke ɗiga, a gyara shi da wuri. Da damina, a tari ruwan indararo a randa ko duro, a rufe don kada sauro ya hayayyafa.

Ledar fiya-wata kuwa, kada a jefa ta a kwata. Tana cikin abubuwan da ke toshe magudanan ruwa har ambaliya ta shiga gidajen mutane.