Kafintan da aka kora daga zari-ruga saboda kuɗi

Wata Asabar ina zaune a garejin wani bakanike a Sabon Garin Zariya, ina jiran a gyara mini birki, sai yaron shagon ya matso yana sosa ƙeya. Ƙungiyarsu na da wasan ƙwallo a Samaru da la'asar. Maigidan bai ko fito daga ƙarƙashin mota ba. "Je ka mana," in ji shi, "amma na yau ka yafe shi. Ƙwallon ta ba ka na tuwo." Yaro ya tsaya yana murza tsumma, yana lissafin kuɗin mota zuwa Kwangila da na gaba.

Irin wannan lissafi ne ya tsaga zari-ruga gida biyu a Ingila, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita. A arewacin ƙasar 'yan ƙwadago ne ke buga shi, ma'aikatan masaƙu da masu haƙar kwal, kuma Asabar ranar aiki ce a wurinsu. Ƙungiyoyinsu suka nemi a riƙa biyan ɗan wasa ladan wunin da ya rasa. Manyan hukumar wasan, galibi 'ya'yan masu hali, suka ce atafau, wasa nishaɗi ne, kuɗi ɓata shi suke yi. Zancen ƙoshi ke nan. Ranar 29 ga Agusta, 1895, a wani otal da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle, suka amince da sule shida a wuni. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13. Su ne ake kira Lig, tsohon gidan kuma Yuniyon, kuma a wancan zamani duk wanda ya leƙa Lig an rufe masa ƙofar dawowa.

James Peters na cikin waɗanda dokar hana karɓar kuɗi ta murƙushe. An haife shi a Salford a 1879, mahaifinsa mutumin Jamaika ne da ke aiki a gidan wasa da dabbobi, kuma an ruwaito cewa zakuna ne suka kashe shi a keji. Yaron ya ci gaba da wasa a kan doki, har ya karye a hannu yana ɗan shekara 11, aka watsar da shi. A gidan marayu a Landan ya koyi sana'a, ya koyi wasa. Ya yi kafinta, ya buga wa Bristol, sannan ya koma Plymouth a 1902.

A watan Maris na 1906 ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Ingila, a karawarsu da Sikotilan. Amma a shekarar, da tawagar Afirka ta Kudu ta zo, ba a saka shi a wasan Ingila da su ba, alhali yana kan ganiyarsa. Duka-duka sau biyar ya sa rigar ƙasar.

A 1910 ya yi haɗari a ma'aikatar jiragen ruwa, yatsu uku suka tafi. Kafinta babu yatsu uku, da me zai riƙe zarto? Duk da haka bai bar fili ba, sai da hukuma ta dakatar da shi bisa laifin karɓar kuɗi. Yana ɗan shekara 34 ya tsallaka Lig, ya shiga Barrow a 1913, ya ƙarasa a St Helens a 1914. Ƙarfi ya riga ya tafi, bai yi wani tashe a can ba. Ya rasu a 1954.

Sai a 1988 wani baƙar fata ya sake buga wa Ingila, Chris Oti, wanda asalinsa ɗan Najeriya ne. Wani jinin Najeriyar, Martin Offiah, ya bar Yuniyon ya koma Lig a 1987, kuma a 1992 Wigan ta saye shi a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a wasan. A 1995 Yuniyon ta lashe amanta, ta halatta albashi, shekara ɗari cif bayan rigimar sule shida.

Yaron gareji kuwa ya ajiye tsumma, ya raɓo kusa da ni. "Baba, a ranta mini ɗari biyar." Na ba shi, ya wanke hannu da fetur ya kama hanyar Samaru.