Sana'a, Gwaninta da Lada a Ƙasar Daura



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne aiki da mai aiki, watau yadda mutum kan shiga sana'a, da abin da ake nema gare shi kafin a ce ya iya, da kuma abin da yake samu a cikinta. Na zaɓi ƙasar Daura ta zama abin misali, domin a nan ne tsohon tsari da sabo suke zaune kafaɗa da kafaɗa, har mutum ya iya auna su da idonsa.

Bari mu fara da tarihin da kowane ɗan makaranta ya sani. An ce Bayajida, kafin ya iso Daura, ya biya ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ita. Mukan tuna da jarumin, da sarauniya Daurama, da tsohuwa Ayana wadda ta sauke shi, amma ba safai mukan tsaya a kan maƙeran ba. Alhali kuwa masu ba da labarin nan ba su sa su a ciki a banza ba. Suna nuna mana cewa ko sarauta ma tana bukatar mai sana'a. Wannan ne ya sa a fadar Daura, kamar sauran fadojin ƙasar Hausa, akan naɗa wa manyan sana'o'i shugabanni, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina. A da su ne masu tara harajin sana'a, da raba gardama tsakanin 'yan sana'ar, da tattara su in fada tana da aiki.

Wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Daura a ƙarshen shekarun 1950, littafinsa kan sha'anin mulkinta kuma ya fito a 1978, ya lura cewa Hausawa sun kasa masu sana'a gida biyu: karda, wanda ya gaji sana'arsa, da shigege, wanda ya shige ta da rana tsaka. Yau mun fi cewa ɗan gado da ɗan haye. In ka zauna da tsofaffin maƙera ko wanzamai suna hira kan aikinsu, za ka ji kalmar gado ce farkon abin da ke fitowa daga bakinsu. Waɗansu 'yan boko sukan ɗauki wannan a kan fahariya ce kawai, ko dabarar hana baƙo shiga. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Gado makaranta ce, wadda ɗalibinta ke shiga tun yana ɗan shekara biyar ko shida, ba ya kuwa fita sai ya yi aure.

Ku dubi ɗan maƙeri. Aikinsa na fari zuga ne. Shekara da shekaru yana zaune gindin zugazugi, a ganin mai wucewa wahala ce kurum. Amma a nan ne yake koyon launin wuta, ya san lokacin da ƙarfe ya yi ja sosai har zai karɓi dukan masaba, da lokacin da in an ƙara masa zuga zai ƙone ya lalace. Babu wanda ya karanta masa wannan, idonsa da kunnensa ne suka sha. Sai bayan haka a bar shi ya riƙe awartaki, ya gyara bakin lauje, daga nan ya kai ga fartanya da garma. Haka ɗan marina yake sanin baba ya nuna a karofi ta wurin kumfarsa da warinsa, haka ɗan majemi yake sanin adadin bagaruwar da fata za ta sha. Wanzami kuwa, wanda askarsa ke taɓa jariri ɗan kwana bakwai, abin da ake fara nema gare shi shi ne hannun da ba ya rawa da bakin da ba ya yawo, domin yana shiga gidajen da ba kowa ke shiga ba.

To, a nan ne nake so ma'aikata su saurara da kyau. In mai sana'ar gargajiya zai yabi ɗan'uwansa, abu uku yake ambata: ya iya, yana da haƙuri, yana da amana. Na ukun ya fi nauyi. Ku je kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, ku ga yadda ake cinikin shanu da raƙuma tsakanin mutanen Nijeriya da na Nijar. Dillali ba shi da sa ko ɗaya a kara, ba shi da rumbu, jarinsa duka shi ne cewa in ya ce dabbar nan ba ta sata ba ce, an yarda, in ya ce mai saye zai biya mako mai zuwa, an yarda. Ran da maganarsa ta faɗi sau ɗaya, ran nan sana'arsa ta mutu, ko da kuwa ya gaje ta tun kaka da kakanni. Mata ma a cikin gida, masu fura da ƙuliƙuli da man gyaɗa, da bashi da adashi suke juya jarinsu, duk kuwa a kan amana suke tsaye.

Sai maganar sakamako. Ni malamin harshe ne, saboda haka ku yi mini uzuri in tsaya a kan kalma. Bahaushe yana kiran kuɗin da ake ba mai aiki lada, da wannan kalma kuma yake kiran abin da Allah ke ba mai aikin alheri. Ba na jin haɗuwar nan katari ce. Ga mai sana'a, samu hawa uku ne: abin da ya shiga aljihu, da mutuncin da ya samu a gari, da albarkar da yake fata. Ba na so in yi wa tsohon tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Yana da nasa zalunci, domin ya jera sana'o'i sama da ƙasa, har mahauci mai dukiya ya nemi aure a wani gida a hana shi don sana'ar ubansa, yaro mai basira kuma ya ƙare a inda aka haife shi. Amma abu guda ba a iya ƙwace masa: ladan mutum yana manne da aikinsa. Garmar da ta karye a gona, kowa ya san maƙerinta.

Zuwan Turawa ya kawo wata hanyar ci da kai, aikin En'e. A zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, aka sami malaman haraji da na asibiti da na gona da na makaranta, masu karɓar albashi a ƙarshen wata. Magajinsa, Alhaji Muhammadu Bashar, sai da ya yi minista a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon sarauta. Marigayi Muhammadu Buhari, da aka haifa a Daura a 1942, ta makaranta ya bi ya shiga soja. Waɗannan duka sun nuna wa talaka cewa takarda na iya kai ɗansa inda gado ba zai kai shi ba, wannan kuwa ci gaba ne na haƙiƙa. Sa'an nan kuɗin mai suka zo. Ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata a 1975, a 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kuma maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. A 'yan shekarun nan masinja ya fi masaƙi samu, kayan kanti suka kashe kasuwar saƙi, iyaye da yawa suka ɗauke 'ya'yansu daga gindin sana'a.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar albashi take zaizayewa. Mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a 1981, ya kai 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, amma ku tambayi kowane magidanci buhun gero nawa kowannensu ya saya a lokacinsa. Shi ya sa da wuya ka sami ma'aikaci a Daura ko Sandamu ko Ɓaure wanda ba ya noma ko kiwo ko ɗan kasuwanci a gefe. Shi kansa Buhari bai rabu da garken shanunsa na Daura ba har ya rasu a 2025. Illar da ta fi damuna ba ƙarancin albashin ba ce, a'a, rabuwar lada da aiki ce. Wanda ya zo ofis da ƙarfe takwas da wanda ya leƙo da sha ɗaya, in matakinsu ɗaya, abu ɗaya za su karɓa. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a kan tebur ba shi da maƙeri.

Yanzu kuma ga Daura ta sami abin da ba ta taɓa samu ba. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, akwai jami'ar sufuri wadda aka aza harsashinta a 2019, ga kuma hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2021, aka tsara ta bi ta Daura. Ayyuka irin waɗannan suna cin masu walda da kanikawa da masu haɗa wuta fiye da yadda suke cin masu zama a kujera. Irin waɗannan samari kuwa suna nan cike da garejojin Daura da Zango, waɗansunsu jikokin maƙera ne da suka koma walda, sun yi shekara bakwai ko takwas a hannun maigida, amma ba su da takardar da kamfani zai duba. A Jamus yaro kan raba makonsa tsakanin masana'anta da makaranta, ya fita da shaidar da gwamnati ta yarda da ita, maigidan da ya koya masa ma sai da ya ci tasa jarrabawar. Mu ma muna da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, muna da hukumar ilmin fasaha ta ƙasa a Kaduna tun 1977. Abin da ya rage aiki ne na ofis, watau naku: a ƙidaya masu koyon sana'a a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, a zauna da shugabannin sana'o'in, a shirya gwajin da Hausa ga wanda Turanci zai kayar da shi alhali hannunsa ya iya, sa'an nan kwalejin ta buɗe musu ajin yamma na lissafi da karanta zanen inji.