Kafintan da ke yi wa direba gado

Yawancin masu shiga layin kafintoci a Tsohuwar Panteka, daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kayan ɗakin amarya ne ke kai su. Amma akwai wani aiki da ba a baje shi a bakin shago, sai dai a shigo da mota har ƙofar rumfa a ce a zo a auna: gadon da direba zai kwana a kai a cikin motarsa, da wurin ajiya a ƙarƙashi.

Masu neman sa su ne direbobin dogon zango da fatake masu bin kasuwannin ƙauye da bas. Tun da garkuwa da mutane ta sa tafiyar dare ta zama kasada a hanyar Abuja da ta Birnin Gwari, mutum kan tsaya inda magariba ta riske shi, a Mararraban Jos ko a Tafa. Kuɗin ɗakin kwana ba kullum ake da shi ba, barin kaya babu mai gadi kuma wata wauta ce. Sai mota ta zama ɗaki.

Kafinta ba ya fara yanka sai ya shiga motar da kansa, tef a hannu, fensir a bayan kunne. Cikin mota ba kamar ɗaki ba ne. Gefenta a lanƙwashe yake, ga tudun taya hagu da dama, ga safayar taya da dole a iya ciro ta ba sai an kwance komai ba. Shi ya sa gwanaye kan yanka kwali tukuna, su gwada shi a jikin motar, sannan su ɗora shi a kan filawud su zana. Fallen filawud ƙafa 8 ne a tsawo, 4 a faɗi, katifar mutum ɗaya kuwa ƙafa 6 ce, don haka falle ɗaya ya isa shimfiɗar har a sami ragowar yin murfi.

Inda ake gane gwani shi ne tsayin gadon. Mai mota kullum so yake a ɗaga shi, domin akwatin da ke ƙarƙashinsa ya ci jaki da sifana da risho da tukunya da buta da darduma. Kafintan da ya san aikinsa zai ce masa, Alhaji, hau ka zauna tukuna. In kansa ya taɓa rufin mota, an yi asarar katako, domin duk asuba sai ya yi karo kafin ya sauko alwala.

Ni a ganina wannan gadon ya fi na amarya bayyana hannun mai yin sa. Gadon amarya a wuri ɗaya yake zaune, fenti da madubi suna rufa masa asiri shekara da shekaru. Wannan kuwa kowane ramin titi sai ya girgiza shi. Ƙusa zalla ba ta riƙe shi, a hankali take zarewa. Sai an haɗa da gam da noti, a kuma ɗaure gadon da jikin motar, domin in aka taka birki da ƙarfi kada ya taho ya sami direba ta baya. Allon MDF da ya cika kasuwa ba ya aiki a nan, da ruwan buta ya zube masa sai ya kumbura ya ruguje.

Katakon ma da magana. Galibinsa daga dazukan kudu ake kawo shi, wani da sauran danshi a jikinsa. In aka yi aiki da shi ɗanye, hunturun Kaduna na busawa sai ya tsuke, mahaɗa ta buɗe, gado ya dinga ƙara duk motsi. Maɗaci da loko suna da ƙarfi amma nauyi gare su, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban da ke son ɗaukar nauyin banza. Sai a yi ƙafafu da ƙwarangwal da farin katako busasshe, a rufe da filawud, a huda shi wuri-wuri don iska ta ratsa ƙarƙashin katifa kada ta yi fumfuna da damina.

Yaron shago yakan daɗe yana goge katako da miƙo ƙusa kafin maigida ya bar shi ya taɓa tef a irin wannan aiki, saboda kuskuren inci ɗaya na iya hana ƙofar baya rufuwa.

Abu guda da wasu kafintocin kan ƙi yi ko an ƙara musu kuɗi shi ne ware wa jarkar fetur ko tukunyar gas gurbi a ƙarƙashin gadon. Mota a rufe, gilashi a sama saboda sauro da ɓarayi, tururin mai yana taruwa daidai inda mutum ya sa kansa. Mai motar kan yi ƙorafi, wani ma ya tafi rumfar gaba a yi masa yadda yake so.