Fargabar tsayawa gaban jama'a tana da magani

Ɗalibin da ya yi bitar karatunsa tsaf, ya zauna gaban kwamfutar jarrabawar JAMB sai kansa ya ɗauke wuta, ba daƙiƙi ba ne. Haka ma ɗan kokawar da gwiwarsa ke rawa a bikin gargajiya na Uhola, ko ɗalibar Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da muryarta ke sarƙewa gaban malamai. Ƙwaƙwalwa ce ta ɗauki idon jama'a a matsayin haɗari, jiki ya saki sinadarin adirenalin, gaba ya riƙa faɗuwa, maƙogwaro ya bushe.

Maganin da ya fi inganci shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, hanyar da likita ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Masanin halayyar ɗan'adam yakan zauna da mai larurar su tone tunanin da ke firgita shi, irin su "zan ji kunya a gaban kowa", su auna shi da hujja. Daga nan sai atisaye daki-daki: yau ka yi jawabinka gaban ƙanenka, gobe gaban abokai biyar, jibi gaban aji. Gudun taro kuwa ƙara wa tsoron ƙarfi yake yi. Jan numfashi a hankali yana lafar da bugun zuciya.

Ƙwayar Tiramol kuwa ba ta maganin fargaba, jaraba take jawowa. Wanda abin ya hana shi barci ko karatu ya ga likita; akwai ƙwararru a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, Jihar Sakkwato. Iyaye da malamai, don Allah a daina yi wa yaran da ke fama da wannan fargaba dariya.