Wadda ta dakatar da aiki don jinyar tsohuwa ba ta yi asarar fanshonta ba

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp tsakanin malaman makaranta da ungozomomi na Tasawa da Mayahi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci lambar doka ba, amma ya hana mata barci.

Ya ce za a fara biyan kowace tsohuwa albashi: ba ofis, ba rana, zance ne. Ya ce matar mamaci ba ta da rabo a fanshon mijinta: ƙarya ce, doka ta ba ta kaso ita da marayu.

Magana mai cutarwar ita ce ta uku: wai gyaran fansho ya shafe duk abin da aka yanke wa macen da ta ajiye aiki don ta kula da uwa ko suruka. A kan wannan magana wata za ta bar takardunta gara ta ci, wata ta miƙa jika goma ga ɗan ƙwadagon da zai "ciro mata kuɗinta". Wanda ya fara tura saƙon nan ya ji tsoron Allah.

Ga yadda abin yake. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin asusun fansho na CARENI, na kamfanoni da ƙungiyoyi suna ƙarƙashin CNSS. A CNSS, watannin da aka zuba suna rubuce a lambarki, in kin koma aiki sai a ɗora lissafi a kai. Ana karɓar fansho a shekara 60. Wadda watanninta ba su kai ba, akwai kuɗin da ake biya dunƙule sau ɗaya.

Matan da suka tsorata suna da hujja. Watannin zaman jinya ba sa shiga lissafi, kuma ma'aikaciyar gwamnati da ta ɗauki hutu ba albashi, shekarun nan ba sa ƙara mata fansho. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, domin jinya a gidajenmu kan mace take faɗawa. Mai ƙuli-ƙuli da mai tuyar ƙosai kuwa, fanshonsu adashi ne da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991.

Hajiya, kafin ki ajiye aiki, ki tattara takardun albashinki, in kina ƙarƙashin CNSS ki je ofishinta na Maradi da kanki, ki nemi lissafin watanninki a rubuce. Ki zaunar da 'yan'uwanki maza a raba nauyin jinya, don tsohuwar ta kowa ce.