Bakassi: Shin da gaske Obasanjo ne ya sayar?

Duk sanda aka ambaci Bakassi, sai ka ji wani ya ce ai Obasanjo ne ya sayar wa Kamaru. Ni dai ban yarda ba, domin takardar da ta kayar da mu ta girme shi.

Bakassi yanki ne a bakin teku kusa da Kalaba, ga kifi, ga man fetur a ƙarƙashin ruwa. A 1913 Ingila da Jamus suka shata iyaka, suka jefa shi ɓangaren Kamaru, wadda Jamus ke mulka a lokacin. Masuntan da ke zaune a wurin fa? Ba wanda ya tambaye su.

Bayan sojojin ƙasashen biyu sun gwabza, Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994. Najeriya ta ce ƙasar sarakunan Kalaba ce, mutanenta ne a ciki, ita ke tafiyar da mulkin wurin. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta bi takardar 1913. Abin da Obasanjo ya sa wa hannu da Paul Biya a 2006, wato yarjejeniyar Greentree, hanyar aiwatar da hukuncin ce. An kammala miƙawa a Agustan 2008, zamanin 'Yar'aduwa.

Kuma kada ku ɗauka maganar Kudu ce kawai. Wannan hukuncin ne ya ba Kamaru garin Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi a Tafkin Chadi, Najeriya ta janye daga can tun 2003.