Ko Kun Sani? Sarki Dikko da Baƙon da Ya Fito Daga Ƙasar Malaya

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ƙasar Bakori da Tsiga da Funtua da Malumfashi duk suka rayu ƙarƙashin ikonsa, ya hau gado bayan Turawa sun tuɓe Sarki Yero a 1906. Da shi sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa, inda take har gobe. Ya yi mulki har rasuwarsa a 1944.

A 1921 ya sauke farali, abin da sarkin yanka mai ci a Arewa bai taɓa yi ba, kuma a wannan tafiya ya leƙa Ingila. Jarumta ce babba a zamanin da sarki kan ji tsoron barin gari ko na mako guda.

A zamanin Dikko aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Gwamnan da ya buɗe ta, Hugh Clifford, ba a Afirka ya koyi zama da sarakunan Musulmi ba. Tun yana saurayi aka tura shi fadar Sultan Ahmad na Pahang, a ƙasar Malaya, inda a 1887 ya shawo kan sultan ɗin ya ƙulla yarjejeniya da Ingila.  Kwalejin da Dikko ya ba masauki kuwa, ita ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello.